Idan kotu ta soke wanda ya ci zaɓen ciyaman, wa zai hau kujerar?

Malam, kan tambayarka ko mataimakin ciyaman ne zai hau ko wanda ya zo na biyu, sai an fara duba dalilin da ya sa kujerar ta zama babu kowa.

In ciyaman ya ci zaɓe bisa ƙa'ida, daga baya ya rasu ko ya sauka, mataimakinsa ke ɗarewa. Amma in kotu ta ce tun farko bai cancanci tsayawa ba, mataimakin ma ya sha ƙasa, domin tikitinsu ɗaya. Dubi Bayelsa: ranar 13 ga Fabrairu 2020, ana gobe za a rantsar da David Lyon a matsayin gwamna, Kotun Ƙoli ta soke nasararsa saboda takardun mataimakinsa, aka ba Douye Diri, wanda ya zo na biyu. A Zamfara kuma a 2019 kotu ta ɗauki ƙuri'un APC a matsayin ɓatattu saboda ba a yi zaɓen fidda gwani ingantacce ba, Bello Matawalle da ya zo na biyu ya zama gwamna. Sashe na 136 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya bi wannan hanya: wanda ya zo na biyu shi ke hawa, muddin ya cika sharuɗɗa.

Sai dai zaɓen ƙananan hukumomi, ban da na Abuja, hukumar zaɓen jiha ke yinsa, don haka ka nemi dokar jiharku ka karanta.

Ni dai abin yana damuna. Laifin jam'iyya ne, amma talakan da ya sha rana a layi shi ake zubar wa ƙuri'a. Da so samu ne, a sake zaɓen.