Dalilin da ya raba ra'ayin masu karatu a kan littafin Harper Lee

Malama, kin tambayi abin da ya sa wasu ke hawaye idan sun karanta To Kill a Mockingbird, wasu kuma ke ganin yabon da ake yi masa ya yi yawa.

Littafin ya fito a 1960, ya kuma ci kyautar Pulitzer, babbar lambar yabo ta marubuta a Amurka, a 1961. Yarinya Scout ce take ba da labarin yadda mahaifinta, lauya Atticus Finch, ya tsaya wa Tom Robinson, baƙar fata da aka yi wa ƙazafin fyaɗe a jihar Alabama ta Amurka. Wurin da ya fi sosa ran masu karatu, har da ni, shi ne inda yayanta Jem ya fito daga kotu yana kuka, domin ya sakankance gaskiya za ta yi halinta, sai ga shi an kama Tom da laifi, daga baya kuma aka harbe shi a gidan yari.

Masu suka kuwa suna cewa an ɗora wa farar fata, wato Atticus, jarumta, an bar waɗanda aka zalunta kamar ba su da baki. Ina ganin hujjarsu tana da ƙarfi, domin matar Tom, Helen, ita ce ta yi rashi mafi girma, amma abin da aka nuna mana shi ne faɗuwarta ƙasa lokacin da aka kai mata labarin mutuwarsa.