Aikin gwamnati na kwantiragi, a karɓa ko a jira na dindindin?

Ɗan'uwa ka ce an ba ka aikin kwantiragi na shekara 2 a ma'aikatar gwamnati kana tunanin ko ka ƙi ka jira na dindindin, to ni dai shawarata ka karɓa, amma kar ka saka a ranka wai dole a ƙarshe za a mayar da kai cikakken ma'aikaci.

Duba N-Power mana, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin wucin gadi. An fara shi a 2016, masu digiri da NCE ana biyansu dubu 30 a wata, aka ce shekara 2 ne, rukunin farko suka zarce har 2020 sannan aka sallame su, da yawa sun zauna jiran a ɗauke su aikin koyarwa na dindindin, shiru. Waɗanda suka ci riba su ne masu tara ɗan abin suna jari ko ƙaro karatu.

Amfaninsa kuwa akwai, albashi na shigowa, ka koyi aikin ofis, ka san mutane, kuma ranar da aka buɗe ɗaukar ma'aikata kai ne za ka fara ji, ga takardar shaidar ƙwarewa a hannu. Matsalar ita ce yawanci babu fansho babu ƙarin girma, kuma shekarunka na tafiya alhali wasu hukumomin suna saka iyakar shekaru.

Kafin ka sa hannu karanta takardar da kyau, akwai garatuti, wato kuɗin sallama, a ƙarshe? ana sabuntawa? wa ke biyan albashin, gwamnati ko wani shirin tallafi? Don in na tallafi ne, kuɗin na ƙarewa aikin ya ƙare.