Tambayi Kawu: Giga 2 ya ƙone kafin la'asar

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu, ina wuni ya zafi? Ni ɗalibi ne a Jami'ar Marwa ina shekarar ƙarshe, hutu ya kusa zan koma gida Kusiri kuma malamin da ke duba min aikina ta imel yake turo gyara. A makaranta muna ɗan samun wifi amma gida babu. Wancan hutun na kunna wifin wayata na jona laftof, na sayi forfe na giga 2 da safe wallahi kafin la'asar ya ƙare, kuma ni ban buɗe komai ba sai imel da ɗan bincike, na ƙara saye shi ma ya bi ɗan'uwansa. Abokina yace kile na intanet zan saya irin wanda ake sa wa sim a soka wa kwamfuta, wani yace a'a ƙaramin akwatin wifi na aljihu ya fi. Kuɗin hannuna ba yawa, wanne zan saya dan Allah?
Ɗanka daga Domayo, Marwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, zafi kam lokacinsa ne. Maida kuɗinka aljihu tukuna, kar ka sayi ko ɗaya. Ko kile ka soka ko akwati ka kunna, haka gigan zai ƙone, don ɓarawon yana cikin laftof ɗinka.

Ita waya ta san datar sim da kuɗi ake saye, shi yasa take lallaɓawa. Kwamfuta kuwa da ta ga wifi sai ta ɗauka na ofis ne marar iyaka, sai ta hau sauke sabuntawarta a ɓoye, ta sabunta manhajar kashe bairos, in kana da OneDrive ko Google Drive su ma su fara kwashe hotuna da takardu suna turawa sama, duk wannan kai kana can kana karanta imel ɗin malam baka san ana yi ba. Babbar sabuntawar Windows guda ɗaya tana iya wuce giga 2 ita kaɗai, balle kwamfutar da ta kwana biyu bata ga intanet ba, kamar mai azumi ne ya ji kiran magariba.

Maganin minti biyu ne. Da ka jona, a laftof ɗin shiga Paramètres, sai Réseau et Internet, sai Wi-Fi, ka danna sunan wifin wayarka, zaka ga inda aka rubuta Connexion limitée, in kwamfutarka da Turanci take Metered connection zaka gani, ka kunna shi. Ka gaya mata kenan wannan datar a ƙirge take, zata dakatar da mafi yawan abin da take saukewa a ɓoye. Amma kowane wifi da nasa ake kunnawa, in gobe ka jona da wayar ƙanwarka sai ka sake. Sannan kafin ka baro Marwa ka zauna a wifin makaranta ka bar ta ta sha sabuntawarta ta ƙoshi, ka sauke takardun da zaka karanta duka.

Kuma ɗana tsakaninka da Allah imel kawai ka buɗe? Na san halinku. In ka leƙa YouTube a babban allo ingancin hoton bidiyon da kansa yake hawa 720 ko 1080, awa ɗaya a haka ya isa ya lashe giga ko fiye, ka maida shi 360. Wifin wayar ma ka sa masa lambar sirri mai tsawo, kar yaran gida su mayar da kai rijiyar unguwa.

Wajen jonawa ni na fi son igiyar caji a kan wifi. Ka soka wayar a laftof da igiya mai kyau, ka shiga wurin Partage de connexion a wayar, wato raba intanet, ka zaɓi na USB, wayar tana ba da intanet tana ɗan shan caji kuma bata yin zafi kamar in tana watsa wifi. Sai dai shi ma wannan ka kunna masa Connexion limitée, a ƙarƙashin Ethernet zaka same shi don kwamfutar kallon igiyar ofis take masa. Zafin nan ba wasa bane, a watan Maris da Afrilu Kusiri tana haura digiri 40, waya a kan katifa tana watsa wifi tana caji, batir ɗin kumbura zai yi. Cire mata riga, ajiye ta a inuwa kusa da taga inda rezo ya fi ƙarfi, don bangon siminti da rufin kwano suna danne shi.

Kile dai ya zama tsohon yayi, da yawa na kasuwa 3G ne kawai, wasu kuma a kulle suke da layin kamfani ɗaya, ka sa wani sim su ƙi. Akwatin aljihun ya fi shi, yana da batirinsa, mutum da yawa suna jonawa, wayarka ta huta ka amsa kira hankali kwance. In aikin na kullum ne daga safe zuwa dare ya cancanci kuɗinsa, ka sayi mai 4G wanda ba a kulle ba kuma ka gwada shi da sim biyu a gaban mai shago kafin ka miƙa ko sefa ɗaya. Amma don gyaran malam na hutu ɗaya wayarka ta isa. Abin da zai fi maka amfani shi ne sim na biyu, da katin shaidarka ake rajista, don tsakanin MTN da Orange da Camtel wanda ya yi ƙarfi a Domayo ba lallai ya yi a unguwarku ba, tambayi maƙwabta wanne ke ja musu. Ka fara da ƙaramin forfe na kwana ɗaya ka gwada, kuma ka karanta sharaɗin, akwai na dare kawai, akwai na WhatsApp da Facebook kawai wanda ba zai buɗe maka imel ba.

Saura abu ɗaya da ya shafi ku mutanen Kusiri musamman. Tsakaninku da Injamena ruwa ne kawai, eriyoyin Airtel da Moov na Chadi suna ƙetarowa har cikin gari, in ka bar wayarka tana zaɓar rezo da kanta tana iya kama na tsallake kana zaune a ɗakinka, sai a lissafa ka a matsayin wanda ya fita ƙasa, forfenka na gida baya aiki a can, kredinka ne zai tafi a farashin baƙo. Kashe Itinérance des données a wayar, wato amfani da data a rezon wata ƙasa, sannan a wurin zaɓen rezo ka cire otomatik ka zaɓi kamfaninka da hannu. In kuma ka haye gadar Ngueli zaka yini a Injamena da aikinka, sayen sim na can ya fi maka sauƙi.

Ka gaida mutanen gida, Allah ya ba da sa'ar kammalawa.