Ƙwanji ya cika, amma tsokar ta ƙi tauri

Tambaya: Malam, shekarata biyu ina ɗaga ƙarfe a nan Jidda. Jiki ya buɗe har riga tana matse ni, amma a madubi tsokar luɓus take, ba ta fito da zane ba. Abokai sun ce in daina shan ruwa kwana biyu kafin gasar nuna ƙwanji. Haka ne?

Amsa: Ƙanena, kada ka kuskura. Kusan kashi 75 cikin ɗari na tsoka ruwa ne. Sitacin da jiki ke adanawa a cikinta, wato glaikojin, kowane giram yana riƙe da kusan giram 3 na ruwa. Ka hana ta ruwa, sai ta saɓe kamar balan-balan da ta kwana. Ga kuma zafin Jidda, inda gumi ke tsiyaya tun kafin ka taɓa ƙarfe. Ƙodarka ce za ta ji jiki. Maganin sa fitsari ya fi haka haɗari: shi aka danganta da mutuwar ɗan wasan nuna ƙwanji Mohammed Benaziza a 1992, jim kaɗan bayan wata gasa.

Abin da ya lulluɓe maka zane kitse ne a ƙarƙashin fata. Matsa fatar gefen cibiyarka da yatsu biyu: in ta yi kauri, da sauran aiki. Masu hawa dandamali kan sauko zuwa kusan kashi 5 cikin ɗari na kitse, cikin wata uku zuwa biyar, suna rage abin da bai wuce kashi 1 cikin ɗari na nauyinsu ba a mako. Ka rage shinkafar kabsa, wato shinkafa da kaza ta Larabawa, ka ci gaba da cin kazar, ka samu furotin wajen giram 2 a kowane kilo na jikinka a kullum.

Dubi Big Ramy na Masar. Tun 2013 yake hawa dandamalin Mr. Olympia, babbar gasar nuna ƙwanji ta duniya, kusan duk ya fi su girma, amma kambi bai zo ba sai 2020, da ya zo jiki babu kitse.

Taurin kuwa, shekaru ke kawo shi. Dorian Yates, da ya ci gasar sau shida daga 1992 zuwa 1997, bayansa kamar an sassaƙa dutse, da ƙarfe mai nauyi ya gina shi. Ba zan ɓoye maka ba, a wannan matakin akwai gado, akwai kuma alluran ƙara tsoka, ni kuwa ba na ba kowa shawararsu. Shekara biyu yanzu ka fara. Ka riƙe littafi kana rubuta nauyin da ka ɗaga, ka riƙa ƙara kilo biyu da rabi duk lokacin da ya yi maka sauƙi.