Daga Bakin Gareji: Sabuwar shokazoba a kan baƙon sifirin

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina da Toyota Carina E ta 1995 mai shan fetur, ina jigilar fasinja da ita tsakanin Marwa da Mora, wani lokaci in ɗora buhun albasa biyu ko uku a but. Da yake gindinta na dukan ƙasa, bara wani makaniki ya sa mini sifirin na baya masu tsawo da kauri, ya ce na wata babbar mota ne. Ta ɗaga ƙwarai, na ji daɗi. Bayan damina na sayi sabbin shokazoba biyu na baya, a kwalinsu. Ko wata uku ba a yi ba ɗaya ta fara tsiyayar mai, kuma in babu kaya, duk ramin da na faɗa sai in ji "kwam" kamar an buga guduma. Jabu aka sayar mini ne?
Direba, daga Marwa

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Jabu kam akwai shi, har kwali ake bugawa. Amma kafin ka je ka ci kwalar mai shago, dakata. Wannan "kwam" da kake ji in motar ba kaya, shi ya tona asirin mai laifi, kuma sifirin ɗin nan ne.

Carina ɗinka gaba da baya duk irin shokazobar nan ce mai ɗauke da sifirin a jikinta, wadda ake kira MacPherson, sunan injiniyan Amurka da ya ƙirƙiro ta. Mu nan Garwa amortisa muke cewa, 'yan'uwanmu na Yola da Mubi su ce shokazoba, abu ɗaya ne. Sifirin ke ɗauke da nauyin mota. Ita shokazoba ba ta ɗaukar komai, aikinta ta riƙe wa sifirin linzami kada ya yi ta tsalle. Mai ne a cikinta, yana matsewa ta wasu ƙananan ƙofofi, kuma a masana'anta an auna ƙofofin nan daidai da ƙarfin sifirin da motar ta fito da shi. Ka kawo sifirin da ya fi ƙarfi, ka haɗa doki mai ƙarfi da linzamin jaki ke nan. Duk lokacin da ya miƙe sai ya fizge ta.

Sai kuma tsawo, wanda a wurinka shi ne babbar cutar. Sandar shokazoba tana da iyakar fitowa da iyakar shigewa. An yi ta ne yadda in mota na tsaye za ta zauna wajen tsakiya, ta bar fili sama da ƙasa. Dogon sifirin ya riga ya turo sandar kusan ƙarshe tun motar na tsaye. Da tayar ta faɗa rami, ba sauran wurin miƙewa, sai sandar ta daki ƙarshenta daga ciki. Ƙarar ke nan. In ka loda albasa motar ta zauna, ƙarar ta ɗauke, ko ba haka ba? Dukan nan sau dubu a hanyar Mora shi ke kashe abin da ke ciki har mai ya samu hanyar fita. Ko daga Japan ka sayo ta da hannunka, haka za ta ƙare.

Ga abin da za ka yi. A sa kirik, wato jak, a ɗaga bayan motar, taya ta rataya, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi. A sauke, a sake aunawa. Bambancin shi ne filin da ya rage wa tayar ta bi rami. In ka ga ɗan yatsa biyu ne kawai, magana ta ƙare. Sannan a cire a duba mazaunin sifirin a jikin shokazoba. Akwai wani ɗan lungu da aka yi domin bakin sifirin ya kwanta a ciki. Wata Corolla da aka taɓa kawo mini daga Gidar, da muka sauke, sai ga bakin sifirin ya hau kan gefen farantin, ya ci robar har ya sassaƙe ƙarfen, wurin yana ƙyalli kamar an goge da yashi. Faɗinsa bai dace da mazaunin ba, aka dai danna aka ɗaure. Mai motar kuwa har shokazoba huɗu ya canza kafin ya iso gare ni.

Shawarata, sifirin za ka fara zaɓa, sannan shokazoba ta biyo. Nemi na Carina E ɗin kanta. Ta fito iri-iri daga 1992 zuwa 1997, har da doguwar nan mai ƙofar baya da muke kira birek, kuma sifirin ɗin kowace daidai da nauyinta aka yi shi, shi ya sa za ka ga ɗigon fenti a jikinsa mai nuna irinsa. Tafi da lambar shasi da tsohon na asali in yana nan, a gwada faɗi, da kaurin ƙarfen, da yadda bakinsa ya ƙare. In dole sai ka ƙara ƙarfi saboda kaya, nemi wanda ya ɗan fi kauri amma tsayuwar motar ba ta wuce ta asali da fiye da santimita biyu ba. Wannan ma'aunina ne na gareji, ban taɓa nadamarsa ba. A kan irin wannan, shokazoba mai gas kamar KYB Excel-G tana riƙewa, don an yi ta ne ta maye gurbin ta asali. Masu ƙera kayan ma sun san zancen: masana'antar shokazoba ta Bilstein na da B4 ta sifirin asali, tana da B8 da aka gajarta musamman domin gajerun sifirin na samarin Turai masu son mota ta kwanta ƙasa. Mu da hanyarmu, wa zai kwantar da mota?

Kada kuma wani ya ce zai yanke maka zobe ɗaya daga dogon nan ya daidaita. Sifirin in aka rage masa zobe ƙara tauri yake, bakinsa kuma ba zai sake zama daidai ba. Mai gasa shi da wutar walda ya fi muni, ya kashe ƙarfen ne gaba ɗaya.

Biyun za ka canza tare, har wadda ba ta fara tsiyaya ba, don ita ma ta sha dukan. A sa sabuwar robar ƙura da ɗan robar nan mai tare duka a kan sanda, ƙurar rani a Marwa ba ta barin sanda tsirara. A duba kan da ke ɗaure ta da bodi. In an gama a kai ta awon taya, paralelisim, in ba haka ba tayoyin za su cinye ta gefe guda.

Ka tsaya a wurin lokacin da za a kwance. In ka ga yaron gareji ya ɗauko igiya ko waya zai ɗaure sifirin maimakon ƙarfen matse shi, ka hana. Ina yaro a gareji na ga wanda ya kuɓuce, ya huda kwanon rufi ya faɗa gidan maƙwabta.

Albasar kuma, buhu biyu in da fasinja huɗu a ciki. Na uku ka ba mai a-kori-kura.