Kawunsa yana Faransa, nawa yaron zai biya a jami'a?

Malam, ka ce yaronka ya ci bak, jarabawar gama sakandare, a nan Maradi, kawunsa kuma yana da takardun zama a Faransa, kana so ka san ko zai biya kuɗin ƴan ƙasa. A'a. Takardun yaron ake dubawa, ba na kawunsa ba.

Tun 2019 jami'o'in gwamnatin Faransa suka raba farashi. A shekarar, ɗan Tarayyar Turai yana biyan yuro 170 a lisans (digirin farko), wanda ya zo daga waje kuma 2,770, wato sama da sefa miliyan ɗaya da jika ɗari takwas. A masta 243 ne da 3,770. An ɗan ƙara tun daga lokacin.

Waɗanda ake sassautawa su ne mai katin zama na dogon lokaci, da ɗan gudun hijira, da wanda ya haura shekara biyu cikin gidan da ke biyan haraji a can. Nan mutane ke ruɗewa: bizar karatu ba ta maida yaro mazauni, ko da a ɗakin kawunsa yake kwana. Wasu jami'o'in suna yafe bambancin da kansu, don haka ku rubuta musu ku tambaya kafin ya zaɓi jami'a, amsar kuma ta zo a rubuce.

Ni dai ina ganin ku duba kusa tukuna. Dokar 2005 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta ce ɗan Nijar ya biya daidai da ɗan ƙasa a jami'o'in gwamnati na Senegal, Benin ko Togo. Najeriya ba ta ciki.