Me ya sa ɗalibansu ke taɓa majinyatanmu, namu kuma sai kallo?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na karatun likitanci. Na samu gurbin zuwa wani asibiti a Amurka na mako huɗu, amma takardar ta ce ba zan taɓa mara lafiya ba, kallo kawai zan yi. Ga shi kuma a nan muna ganin ɗalibai Turawa suna zuwa, har ɗinki suke yi, har haihuwa suke karɓa. Wace irin musaya ce wannan? Kuma tafiyar ta kai kuɗin da mahaifina zai kashe?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ba ke kaɗai wannan abu ke damu ba, kuma idonki bai yi miki ƙarya ba.

Mu fara da can. Ba ƙarancin iliminki aka duba ba, domin wanda ya rubuta takardar bai ma san abin da kika iya ba. Doka ce da tsoron kotu. A Amurka kowace jiha ita ke ba da lasisin duba mara lafiya, kuma duk wanda zai sa hannu a jikin majinyaci sai an saya masa inshorar biyan diyya ko da kuskure zai faru. Asibitin da ba ya son wannan ɗawainiya sai ya ce ki zo ki tsaya a gefe. Abin mamaki, ɗaliba irinki ta fi wanda ya gama karatu sauƙin samun izini: akwai makarantun da ke karɓar 'yan ajin ƙarshe su yi aiki a ƙarƙashin malami, idan an biya kuɗi kuma an cika sharuɗɗa. Amma likitan da ya shekara ashirin yana tiyata a Zariya, idan ya je ba lasisi, ko allura ba zai yi ba. Haka abin yake a Ingila ga wanda ba shi da rajista da hukumar likitocinsu.

A namu ɓangaren kuwa, ba rashin doka ba ne. Baƙon likita ma sai ya yi rajistar wucin gadi da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, kafin ya yi aiki a Najeriya. Matsalar ita ce hannu ya yi kaɗan, layi ya yi tsawo, ga kunyar baƙo da muka gada. Majinyaci ya ga farar riga da farar fata, sai ya ɗauka babban likita ne ya zo daga Turai, ba wanda ya faɗa masa cewa yaron bai ma gama makaranta ba. Shi ma yaron, abin da ba za a bar shi ya yi a garinsu ba, ya samu sarari. Idan ɗinkin ya ruɓe bayan mako biyu, ya riga ya hau jirgi. Baƙo raɓa ne, ɗan gari ke kwana da ciwon. Akwai ma wata asarar da ba a cika lissafawa ba: baƙon ba ya jin Hausa, dole a janye nas daga aikinta ta zama tafinta, babban likita kuma ya rage lokacin da zai ba ku ya ba shi.

Su kansu masu turo ɗaliban sun san da wannan. A 2010 wani kwamiti ƙarƙashin John Crump da Jeremy Sugarman ya fitar da ƙa'idojin da ake kira WEIGHT, waɗanda suka ce a yi yarjejeniya a rubuce, kada ɗalibi ya wuce matakin da ya kai, a sa masa mai kula, a biya asibitin da ya karɓe shi abin da ya kashe, kuma amfanin ya zama na ɓangare biyu. Rubutu ya yi kyau. Sai dai shawara ce, ba mai hukunta wanda ya saɓa, don haka aikin tsawatarwa ya dawo kan shugabannin asibitocinmu.

Kada ki ɗauka duk haka suke. Jami'ar Indiana ta Amurka da Jami'ar Moi da ke Eldoret a Kenya suna tare tun wajejen 1990, haɗin da ya zama AMPATH, kuma ana ɗaukar nauyin ɗaliban Kenya su ma su je Amurka. Shirin MEPI na tallafa wa karatun likitanci da gwamnatin Amurka ta fara a 2010 ya ware kimanin dala miliyan 130 ga makarantun likitanci 13 a ƙasashen Afirka 12, kuma abin da ya bambanta shi, makarantun Afirka aka danƙa wa kuɗin kai tsaye. A Najeriya Jami'ar Ibadan ce ta jagoranta, tare da su Jos, Maiduguri da Ahmadu Bello. A Kano ma, aikin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka a kan shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila ya sa an horar da ma'aikata a gida su riƙa auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na'urar Doppler, a ba wanda ke cikin haɗari maganin hydroxyurea. Ni irin wannan nake kira musaya, domin ko baƙin sun tafi, ƙwarewar tana nan.

To, batun kuɗin mahaifinki. Idan makaranta ko wata gidauniya ce za ta biya, ki je, ba shawara. Kallo ma karatu ne ga mai buɗe ido. Ki lura da yadda mai tashi daga aiki ke miƙa majinyata ga mai kamawa, yadda ake rubuta fayil, yadda ake zaman bitar mutuwar majinyaci ba tare da neman wanda za a ɗora wa laifi ba, da yadda ake zaunar da mutum a yi masa bayani kafin ya sa hannu a yi masa aiki. Waɗannan ba sa buƙatar na'ura mai tsada, za ki iya dawowa da su. Kuma kada ki shiga da ƙasƙanci. Zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, jijjigar masu ciki, kin ga abin da wasu malamansu a littafi kawai suka sani.

Amma idan gona za a sayar ko bashi za a ci don mako huɗu na tsayuwa a bayan wani, ban ba ki shawara ba. Kuɗin jirgi, biza, masauki da inshorar lafiya za su haɗu su yi nauyi, kuma shaidar kallo ba ta da ƙarfin shaidar wanda ya yi aiki da hannunsa. Gara ki adana, ki gama, ki yi shekarar horonki ta asibiti, ki shiga neman ƙwarewa. A lokacin akwai ƙofofi masu ma'ana, kamar shirye-shiryen horo inda likita ke samun rajista ya yi aiki na gaske na wani lokaci sannan ya koma gida. Za ki kuma iya tambayar ƙungiyarku ta ɗaliban likitanci, NiMSA, game da musayar IFMSA, ƙungiyar ɗaliban likitanci ta duniya, musayar da ɗalibai ke gudanarwa da kansu tsakanin ƙasashe.

Idan dai kin ƙudura tafiya, kafin a biya ko kwabo ki rubuta musu da kanki, ba ta hannun dillali ba. Ki nemi sunan likitan da zai kula da ke, jadawalin mako huɗun, ko za a bar ki ki ɗauki tarihin ciwo ki gabatar a zagayen safe, da irin takardar da za su ba ki a ƙarshe. Sannan ki kai amsar ofishin shugaban tsangayarku ki ji ko za su lissafa miki makonnin a cikin karatunki.